Girinlan da Aisilan: Maƙwabtakar da Manyan Ƙasashe Ba Sa Gani

Tun da Shugaba Donald Trump ya furta a 2019 cewa Amurka na son sayen Girinlan, ya kuma sake tayar da maganar a 2025, ake ambaton tsibirin kamar fili ne da ba kowa a cikinsa. Alhali mutane kusan 57,000 ne ke zaune a can, kuma sun daɗe suna ƙulla wata alaƙa da maƙwabciyarsu Aisilan wadda ta fi wannan hayaniya tasiri a rayuwarsu.

Tazarar da ke tsakanin tsibiran biyu, a inda teku ya fi ƙunci, ba ta kai kilomita 300 ba. Amma tarihi ya raba su. Aisilan ta rabu da Denmak gaba ɗaya a 1944. Girinlan kuwa har yau tana ƙarƙashin masarautar Denmak, duk da ta samu ikon gudanar da harkokin cikin gida a 1979, aka faɗaɗa shi a 2009. Sakamakon haka, shekara da shekaru kayan masarufin da ake kaiwa Nuuk, babban birnin Girinlan, sai sun bi ta tashar Aalborg a Denmak, ko da a kusa aka yi su.

A 2020 abin ya sauya. Kamfanin jiragen ruwa na Girinlan, Royal Arctic Line, da takwaransa na Aisilan, Eimskip, suka fara aiki da jirage na haɗin gwiwa, suna tsayawa a Reykjavik, babban birnin Aisilan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da kifi da jatan lande su ne kusan kashi 90 cikin 100 na abin da take fitarwa, kuma babu titin mota ko ɗaya da ya haɗa garuruwanta. Duk wanda ya riƙe hanyar jirgi, shi ke yanke farashin abinci a kanti. Intanet ma haka: wayar ƙarƙashin teku da ta fara aiki a 2009 ta haɗa Nuuk da Aisilan ta gabas, da Kanada ta yamma. Mazauna gabashin Girinlan, irin su garin Tasiilaq, idan ciwo ya yi tsanani, sau da yawa asibitin Aisilan ake garzayawa da su, don ya fi kusa. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa.

Akwai ta uku, Tsibiran Faro, masu mutane kimanin 54,000. Sun sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge da Aisilan a Hoyvik a 2005, kuma tun 1985 majalisun dokokin ukun ke da zauren tuntuɓa guda. Ba kullum ake shan inuwa ɗaya ba. Rabon kifin da ke yawo tsakanin ruwayensu yakan jawo saɓani mai zafi.

Ta fuskar tsaro ne lissafin ya fi nauyi. Mashigin tekun da ya taso daga Girinlan ya bi ta Aisilan zuwa Birtaniya nan ne jiragen ƙarƙashin ruwa na Rasha ke bi idan za su shiga Tekun Atalantika. A shekara guda kuwa, 1951, Amurka ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Aisilan, ta ƙulla wata da Denmak game da Girinlan. Sansaninta na Pituffik yana nan a arewacin Girinlan. Na Keflavik a Aisilan ta kwashe dakarunta daga ciki a 2006, amma jiragen ƙawancen NATO na ci gaba da sauka a can. Aisilan ba ta da sojoji, duk da haka tana cikin ƙasashen da suka kafa NATO a 1949.

A ganina, wannan ne ya sa 'yan Girinlan masu burin 'yancin kai ke duban Reykjavik: ƙaramar al'umma mai dogaro da kifi ta tsaya da ƙafarta, ta karɓi baƙon soja bisa sharaɗinta. Sai dai Girinlan na karɓar tallafin kusan kurona biliyan 4 daga Denmak duk shekara, kuma ciniki da maƙwabta bai kai ya cike wannan giɓi ba tukuna. Dokar 2009 da ta faɗaɗa ikon cikin gida ta ba mutanen Girinlan haƙƙin yanke shawarar ɓallewa da kansu, kuma wajibi ne Amurka da Denmak su mutunta ta.