Hoto Talatin ko Sittin: Mas'alar Gidajen Gem a Cikin Birni

Duk wanda ya ratsa lungunan cikin birnin Kano bayan sallar La'asar, daga Jakara har Ƙofar Mata, ba zai rasa jin ƙugin ƙaramin janareto a bakin wani shago ba, inda samari suka yi dafifi gaban talabijin suna buga ƙwallon PlayStation. Idan kuwa ɗayansu ya sha kashi, sai ka ji ya ce ai gem ɗin ne ke maƙalewa. Wannan uzuri, ko da yake galibi borin kunya ne, yana da asali a ilmi.

Haƙiƙanin al'amari, babu abin da ke motsi a allon nan, hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri har ido ya gaza rarrabe su. Shehin malami Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya kafa hujja cikin Kitabul Manazir da abin wasa irin katantanwar yaranmu, wanda idan aka shafa masa launuka iri-iri aka murza, sai su haɗu su zama launi guda, domin gani kansa yana bukatar lokaci. A kan wannan rauni na ido aka gina silima, mai gilma hoto 24 cikin sakan ɗaya.

Amma ɗan kallo zama kawai yake yi, alhali mai buga gem umarni yake bayarwa yana sauraron amsa. Idan na'ura tana zana hoto 30 a sakan, tsakanin hoto da hoto akwai kashi 33 cikin dubu na sakan. Idan ta kai 60, tazarar ta ragu da rabi, sai yatsa da ido su ƙara jituwa. PlayStation 5, wadda ta fito a Nuwamban 2020, takan kai 120 a wasu wasanni, bisa sharaɗin talabijin ya iya ɗauka, akasarin na shagunan nan kuwa iyakarsu 60.

Ma'abota kwamfuta suna alfahari da hoto 144 har 240 a sakan, da kuma damar sauya katin hoto duk sa'ad da ya tsufa, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai lissafin mai shago dabam yake, domin kwamfuta mai ƙarfi takan sha ninkin wutar PlayStation 5, wadda ke shan wajen wat 200, fetur kuwa ba sadaka ake ba shi ba, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara. Don haka za ka tarar ya ɗora tsohuwar PlayStation 4 bisa benci, ya juya mata fankar da shi kansa yake bukata.