Garma, Wake Da Harawa A Gonakin Makoda

Sau da yawa in ana hirar ci gaba, a ofis ko a ɗakin malamai, sai ka ji ana magana kamar inji da kayan zamani ruwan sama ne, wanda ya tara ya samu, wanda ya ƙi ya zauna da ƙishirwa. In wata dabara ta zo ba ta karɓu ba, sai a ɗora wa manomi laifi, wai ba ya son canji. Mu ba mu yarda da wannan magana ba, kuma za mu kafa hujjarmu da tarihin gonakin ƙasar Makoda da maƙwabtanta, arewa da birnin Kano. Kowane ƙarfe da kowane iri da ya zauna a gonakin nan, sai da manomi ya auna shi da mudunsa, ya ɗauki abin da ya ɗauka, ya tanƙwara saura. Masu ƙera abin kuwa, su ma da nasu mudu su ka auna tun kafin su aiko shi.

Makoda tana cikin yankin nan na kewayen Kano inda jama'a ta yi yawa, gona ta haɗu da gona, ba wani daji tsakani. Ƙasar jigawa ce, damina kuwa gajera. Wani Bature malamin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya soma binciken wannan yanki cikin shekarun 1960, ya nuna wa duniya abin da ya ba masana mamaki, watau ana noman gona ɗaya kowace shekara, ba a barinta ta huta, amma ba ta mutu ba. Ga yadda abin ya ke. Awaki da tumaki suna ɗaure a gida duk damina. Da rani su ci harawa da kara. Takin da su ka tara, a haɗa shi da toka da sharar gida, a zuba a mangala, jaki ya kai gona. Gona ta ba da hatsi ga mutum, ta ba da harawa ga dabba, dabba ta mayar wa gona da taki. Wanda bai riƙe wannan zagaye a ka ba, ba zai fahimci ko ɗaya daga labaran da ke tafe ba.

Na farkonsu labarin jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso Kano a 1911, a ka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Cikin waɗanda su ka fi matsa a shimfiɗa shi har da masu masaƙun Ingila, da ƙungiyarsu ta noman auduga wadda su ka kafa a Manchesta a 1902. Abin da su ke so shi ne audugar Arewa ta riƙa gangarawa teku ta ciyar da injinansu. Amma masaƙan Kano sun fi Turawan ba da kuɗi mai kyau a kan auduga, don haka wadda a ka noma a gida ta ke tsayawa. Ban da wannan, auduga ba a cinta. In farashi ya faɗi, mai ita sai kallo. Gyaɗa kuwa, in ba a saye ba a ci, mata su matse mai su toya ƙuli-ƙuli, dabbobi su ci harawarta, kuma tana zama lafiya a tsakanin gero. Ga kuma kamfanonin Turai suna nemanta don mai da sabulu. Fataken goro, waɗanda su ka san ƙauyuka, su ka ba da kuɗi da kaya tun kafin kaka. A 1913 gyaɗar da a ka fitar daga Nijeriya ta kai wajen tan 19,000, alhali kuwa shekara biyu kafin nan ba ta kai tan 2,000 ba. Dogon da a ka yi don auduga ya zama na gyaɗa, har a ka zo zamanin Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa a Kano.

Kada dai a ɗauka manomi sakakke ne cikin wannan zaɓi. Haraji da kuɗi a ke biyansa, tilas ya nemi abin sayarwa. Kuma ruwa ya ɗauke a 1913, yunwa ta biyo baya a 1914, ta tuna wa kowa cewa rumbu shi ne gaba da aljihu. Duk da haka, cikin ɗan filin da a ka bar masa, shi ya zaɓa, kuma zaɓinsa ya rinjayi na masu dogo.

Garmar shanu ita ma haka. Ma'aikatar Gona ta soma koyar da noman shanu wajen 1928, ana ba mutum rancen shanu biyu da garma ta hannun En'e, ya biya sannu a hankali. Waɗanda su ka fara karɓa galibi hakimai ne da dagatai da masu manyan gonaki, don mai 'yar gona ba shi da abin ciyar da shanu biyu har damina ta zagayo. Garmar da ta samu karɓuwa ita ce mai kunne biyu wadda ke tada kunya, irin wadda a ke kira Emcot, domin Bahaushe a kan kunya ya ke shuka. Da maƙeranmu su ka ga yadda ta ke, sai su ka shiga ƙera bakinta da tsohon ƙarfen mota, gyaranta ya dawo bakin kasuwa. Mai 'yar gona kuwa bai sayi shanu ba, sai ya biya mai su a yi masa huɗa. Mai shanun ya ɗaura musu amalanke suna jan taki, in sun yi 'yan shekaru sun yi ƙiba ya kai su kasuwar Dambatta ya sayar da riba, ya sayi ƙanana. Turawan gona sun kawo garma don a faɗaɗa gona. A inda ba filin faɗaɗawa, sai ta zama hanyar gama huɗa da wuri, shanun kuma su ka zama asusu.

Inda ba a bar wa manomi wannan dama ba, mun ga abin da ya faru. A Mokwa an buɗe babbar gonar tarakta a 1949. Injina su ka nome fili wanda ya fi ƙarfin hannun masu cire ciyawa, kaso mafi yawa na amfani kuma na kamfani ne. A 1954 kamfanin ya janye hannunsa.

Shekaru da yawa malaman gona suna ganin haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya alamar rashin sani ce, suna horon a yi shuka iri guda, layi a miƙe. Sai da wani masanin tattalin arziki, David Norman, ya zauna a Samaru daga tsakiyar shekarun 1960, ya sa a ka bi manoman ƙauyukan Zariya ana ƙidaya kwanakin aikinsu da abin da su ka girbe. Lissafi ya nuna gonar haɗe ta fi biyan wahalar mai ita a lokacin da aiki ya fi matsi, kuma ta fi tsare shi daga asara, don in wannan ya ƙi wancan ya yi. Manomi bai canja ba. Masu awo ne su ka canja abin da su ke aunawa.

To, a kan wake ne wannan al'amari ya fi fitowa sarari, don haka za mu daɗe a kansa. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Jamhuriyar Nijar na biye, kuma wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau ba ya bukatar a gaya masa. Darajarsa ta ƙaru bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974 da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975. Wakenmu na gado, irin su Kanannado, mai yaɗo ne. Ana shuka shi tsakanin gero bayan gero ya tashi, ya yi ta haƙuri a inuwa. In an yanke gero sai ya samu rana ya bazu ya rufe ƙasa, ba ya fure sai damina ta doshi ƙarewa. Ƙwayarsa ba ta da yawa, gaskiya ne. Amma in an tsinke ta, sai a naɗe ganye da jijiya dami-dami, a ɗora bisa soro ko cikin reshen itace. Wannan harawa ita ke riƙe awaki cikin bazara, sa'ad da ba ko tsinke a fili, kuma a lokacin kuɗinta ke tashi. Da ita a ke turka ragon Layya. Da yawa daga cikin awakin da tumakin nan kuwa na matan gida ne, da su a ke yin kayan ɗakin 'ya'ya da biyan bukatar gaggawa. Saiwar waken har wa yau tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, geron baɗi ya amfana.

A farkon shekarun 1980 masanan cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda a ka kafa a Ibadan a 1967, su ka fitar da wake mai nuna cikin kwana sittin. Aiki ne na gwaninta ƙwarai, ba mu raina shi ba. Gajere ne, a tsaye ya ke, ƙwaya jingim. Sai dai yana son gona tasa shi kaɗai, yana son feshi sau da dama, harawarsa kuma kaɗan ce. Abin da a ke rubutawa a littafin gwaji shi ne nauyin ƙwaya, don haka irin da ya fi ƙwaya shi ke cin jarrabawa. Ba wanda ya yi mugunta. Tambaya ɗaya a ka yi wa waken, ya kuwa amsa ta daidai. Manomin jigawar Kano tambaya uku ya ke yi, ta tukunya da ta turke da ta ƙasa, saboda haka da yawa su ka gwada su ka koma wa na gado, ko su ka ware wa sabon ɗan gefe.

Abin yabo shi ne masanan sun saurara. IITA ta buɗe reshe a Kano a 1990, inda Dokta B. B. Singh, mutumin Indiya, ya daɗe yana jagorancin aikin wake. Su ka haɗa kai da masanan kiwo, a ka shiga auna harawa kamar yadda a ke auna ƙwaya, har ana ba tumaki a ga wadda ta fi sa su ƙiba. Daga nan a ka samu ire-iren wake masu ba da ƙwaya da harawa duka biyu. A ka kuma fito da tsarin layi biyu na hatsi, layi huɗu na wake, don waken ya sami rana, feshi ya yi sauƙi, manomi kuma bai rabu da hatsinsa ba. Ilimin haɗa iri bai ƙaru dare ɗaya ba. Akuyar uwargida ce ta shiga lissafi, sai siffar waken ta canja.

Ba kuwa kowane zaɓin mutanenmu ne abin yabo ba. Ƙwari na cin wake a ajiya, kuma wasu 'yan kasuwa sun zaɓi zuba masa maganin ƙwari mai guba don ya kai lokacin tsada. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan gubar da a ka samu a ciki, wanda bai fita ba kuwa mu ne mu ka ci. Alhali tun 2007 a ke yaɗa buhun nan mai riɓi uku na PICS, dabarar masanan Jami'ar Purdue ta Amurka, leda biyu a ciki, buhu a waje. In an ɗaure shi tam, iska ta ƙare, ƙwarin su mutu ba tare da ko ɗigon magani ba. Buhun da kwalbar guba a kasuwa ɗaya a ke sayar da su.

Ya ku akawuna da malamai, wannan magana ta shafe ku kai tsaye. Takardar da akawu ke cikawa a ofishin gona, in tana da gurbin buhunan ƙwaya ba ta da gurbin damman harawa, to, can sama za a karanta cewa harawa ba ta da daraja, kuma da wannan karatu za a tsara irin da za a raba da rancen da za a bayar. Malami kuma, in ya kai yara gonar makaranta ya nuna musu layi a miƙe kaɗai, bai taɓa tambayarsu dalilin da ya sa ubanninsu ke sa wake tsakanin gero ba, ya koya musu raina abin da ya ciyar da su. Mun fi so a ba ɗalibi mudu da ma'auni, a tura shi gonar gidansu da kaka ya rubuto duk abin da ya fito daga cikinta, har kara da harawa, a zo aji a yi lissafi. Daga cikin yaran nan ne masu haɗa irin gobe za su fito.

Gwaji na gaba ya riga ya iso. A ƙarshen 2019 a ka amince da sabon wake mai suna SAMPEA 20-T, aikin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wanda a ka sa wa ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa don ya kashe tsutsar da ke huda fure da kwanso, a rage feshi. Akwai masu murna da shi, akwai masu ɗari-ɗari da taɓa halittar iri, ana ta muhawara a birane. A Koguna da ƙauyukan Makoda kuwa, malamin gonar da ya kai shi ya shirya amsa wasu tambayoyin dabam: ko yana jure inuwar gero, dami nawa na harawa kadada ke bayarwa, ƙosansa na tashi ko ba ya tashi, kuma a wurin wa za a sami irin baɗi, a kan nawa.