Haɗa Man Shafawa Mai Ƙamshi: Nasiha Ga Mai Son Farawa

 Yau za mu ɗan ajiye mudu mu ɗauki kwalba.

Mu dai sana'armu hatsi ce, ita muka gada. Amma kowa ya ga yadda farashin masara da gero ya karye a Dawanau cikin 2025, har waɗanda suka yi ajiya suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Muna cikin waɗanda abin ya taɓa. To, da ma an ce gida biyu maganin gobara. Sai muka ware ɗan abin da ya rage muka ba iyali jari a nan gida Yakasai, suka fara haɗa man shafawa. Abin da muka koya, da daɗi da wuya, shi za mu zayyana muku.

Da fari, mai farawa ba ya bukatar ya dafa mai tun daga tushe. Akwai haɗaɗɗen mai fari, marar ƙamshi, wanda masu sayar da kayan kemikal a Sabon Gari suke kira bes, ana awonsa da kilo. Asalinsa ruwa ne da mai aka ɗaura musu aure da wani sinadari, sa'an nan aka sa maganin da ke hana shi lalacewa. Aikinka kawai ka sa ƙamshi, ka ɗura, ka sayar. Akwai kuma basilin, wanda wani mutumin Amurka, Robert Chesebrough, ya yi wa rajista a 1872. Shi babu ruwa a cikinsa, saboda haka ba ya yin fumfuna da wuri, kuma shi ya fi sauƙi ga ɗan koyo. Ana narka shi ne a kwano bisa ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba.

Na biyu, turare. Kano ba baƙuwar ƙamshi ba ce. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, kuma har yau akwai masu turare a cikinta. Amma a kula, ba kowace madarar turare ce ta jiki ba. Wata ta turaren wuta ce, wata ta kaya. Ka gaya wa mai shago a fili cewa ta mai kake so. Mai ƙamshin banila takan juyar da farin mai ya koma ruwan ƙasa bayan 'yan makonni. Man ɓawon lemun tsami kuwa yana iya ƙona fata idan an shafa an shiga rana.

Na uku, awo. Nan ne ɗan hatsi ya kamata ya fi kowa. Kada ka auna da ido ko da murfin kwalba, nemi ɗan ƙaramin sikeli mai nuna giram. Kilo 1 na bes, giram 10 na madarar turare, watau kashi 1 cikin 100. In ƙamshin mai sanyi ne ka iya kai wa giram 20, amma kada ka wuce. In ka zarce, man ya tsinke, ko ya fesa wa mutane ƙuraje. Ka juya a hankali da tsabtataccen cokali har ya haɗe. Kada ka ɗora bes a wuta, zafi mai yawa yana kashe maganin da ke tsare shi.

Ga inda muka sha kashi. A haɗinmu na biyu wani ya ba mu shawara, wai mu ƙara ruwa don ya yi auki. Muka biye masa. Mako uku ba su cika ba sai ga kwalabe suna dawowa, sama ruwa ƙasa guda-guda, wasu da baƙin ɗigo a murfi. Wata maƙwabciya da ta saya don bikin 'yarta ta aiko da nata ba tare da ko sallama ba. Muka mayar wa kowa kuɗinsa, muka zubar da sauran. Daga baya muka gane dalili: maganin da ke cikin bes an auna shi daidai ruwan da ke ciki ne, in ka ƙara ruwa ka raunana shi. Kuma gaskiya ɗaya ce, wannan algus ne, bai da bambanci da zuba tsakuwa a buhun wake. Asarar kuɗin ba ta yi mana ciwo kamar kunyar unguwa ba.

Na huɗu, tsabta da gwaji. Roba da cokali da kwalba a wanke, a goge da sifirit, a bari su bushe ƙarau. Fara da rabin kilo. Shafa kaɗan a cikin damtsenka, ka jira kwana biyu ka ga ko zai yi ƙaiƙayi. Ajiye kwalba ɗaya a ɗaki wata guda kana dubawa. Zafin bazarar Kano, da yakan haura digiri 40, yana raba mai da ruwa, saboda haka kada a baza kaya a rana. Kowace kwalba a rubuta mata ranar haɗi.

Na biyar, lissafi. Bokitin kilo 5 a takarda kwalba 50 ne masu giram 100. A aikace ka ƙidaya 47, domin wani zai maƙale a roba, wani ya tafi a ɗanɗanon masu saye. Haɗa kuɗin bes da turare da kwalba da takardar suna da kuɗin mota da la'adar dillaliya, ka raba 47, sa'an nan ka san uwar kuɗinka. Kasuwar kuwa tana da kaka kamar hatsi: hunturu, lokacin kaushi da faso, sai gabanin salla da lokutan biki. Mai basilin da man kaɗe ya fi tafiya da sanyi, mai ruwa-ruwa da zafi.

Na shida, kuma mafi girma. Za a zo a ce maka, "Alhaji, a ɗan sa mai sa haske mana, ya fi ciniki." Kada ka yarda. Abin da ake zubawa don bilicin, irin su haidirokwinon da sitiroyid da makuri, yana sa fata ta yi sirara, ciwo ya ƙi warkewa, makuri kuma yana taɓa ƙoda. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da kayan shafe-shafe, kuma a 2023 ta ayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar jama'a. Duk mai nufin kai kayansa kanti ko sari, to ya nemi lambar rajistarta tukuna, kada a kwashe masa kaya rana tsaka.

Dillalai kuma, kafin ku karɓi kayan wani, ku buɗe ku shinshina, ku girgiza, ku duba ranar haɗi. Abin da kuka miƙa da hannunku, sunanku ne a kai.

Maƙwabciyar nan sai da aka yi wata huɗu kana ta sake aiko yaro da kuɗin kwalba ɗaya. Ba mu taɓa murnar cinikin buhu goma kamar ta wannan kwalba ba.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.