Daga lambun Walewale zuwa kasuwar Bawku: amfanin darasin deribatif

Duk shekara nakan haɗu da ɗalibai 'yan zango daga Walewale, Salaga da Yendi waɗanda suka samu gurbi a Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale, wadda aka kafa a 1992, ko a jami'ar da ke Navrongo, kuma kukansu ɗaya ne: kalkulas. Wasu kan sauya fanni tun a shekarar farko, su bar kimiyya ko tattalin arziki, saboda sun haddace ƙa'idoji amma ba wanda ya nuna musu abin da ake yi da su. Ɗan'uwansu da ke shirin jarrabawar bak a Maraɗi ko Wagadugu yana fama da darasin nan ne da sunan "dérivée". Bari mu duba amfaninsa da misalan gida.

Deribatif shi ne ma'aunin saurin canji a daidai wannan lokaci. A ce mota ta yi tafiyar kilomita 120 cikin awa 2 a hanyar Tamale zuwa Bolga, wadda ta ratsa Walewale. Matsakaicin gudunta kilomita 60 ne a awa. Amma ta tsaya a shingen 'yan sanda, ta kuma yi gudu 90 a wani wuri. Allurar gudun da ke gaban direba tana nuna saurin motar a kowace daƙiƙa, kuma wannan shi ne deribatif na nisa a kan lokaci. Isaac Newton a Ingila da Gottfried Leibniz a Jamus ne suka tsara wannan ilimi a ƙarni na 17, kowa a nasa ɓangare, Leibniz kuma ya wallafa nasa a 1684.

Amfani na farko shi ne neman mafi yawa ko mafi ƙaranci. Mai hawan tudu, idan ya kai ƙololuwa, ya daina hawa kuma bai fara gangara ba. A wannan wuri saurin canji sifiri ne. Saboda haka a nemo inda deribatif ya zama sifiri.

Ga manomin rani mai wayar shinge mita 40, yana so ya kewaye lambu a jikin katanga, wato gefe uku kawai zai shinge. Idan gefuna biyu masu fita daga katangar kowanne mita x ne, na ukun zai zama 40 − 2x. Faɗin lambun shi ne 40x − 2x². Deribatif ɗinsa 40 − 4x ne, wanda ke zama sifiri idan x ya kai 10. Lambun zai zama mita 10 a 20, murabba'in mita 200. Da ya raba wayar gida uku daidai, abin da zai samu bai kai 178 ba. Waya ɗaya, kuɗi ɗaya, amma ya ƙara wurin shuka.

Sai mai albasa a Bawku. Alƙaluman nan na misali ne. A ce yana sayo buhu sidi 300, yana sayarwa 500, buhu 20 na fita a rana. Ya lura duk ragin sidi 10 na ƙara masa cinikin buhu 2. Idan ya yi ragi sau n, ribarsa ita ce (200 − 10n) sau (20 + 2n), wato 4000 + 200n − 20n². Deribatif ɗin 200 − 40n ne, ya zama sifiri a n = 5. Farashi sidi 450, buhu 30, riba 4,500 maimakon 4,000. In ya ci gaba da ragi har 400, buhu 40 za su fita, amma ribar ta koma 4,000. Tsofaffin fataken goro na Salaga sun san haka da gogewa: yawan ciniki daban, yawan riba daban. Lissafi ya nuna inda iyakar take ne kawai.

Amfani na biyu ya shafi rai da dukiya. Idan aka buɗe madatsar ruwa ta Bagre a Burkina Faso, yawanci a watan Agusta ko Satumba, ruwan Farin Bolta kan cika ya mamaye gonaki a arewacin Gana, hukumar NADMO kuma kan gargaɗi mazauna bakin kogi. Sanin tsayin ruwa kaɗai bai isa ba. Idan saura santimita 60 ya kai gona, yana kuma hawa santimita 5 a awa, akwai kimanin awa 12 na kwashe masara. Idan saurin hawan shi kansa yana ƙaruwa, wato deribatif na biyu, lokacin bai kai haka ba.

Ga kashedi biyu ga ɗalibi. Na farko, sifiri kan faɗo a ƙololuwar tudu, kan kuma faɗo a gindin kwari, har ma a wurin da hanya ta miƙe kafin ta ci gaba da hawa. Sai ka duba deribatif na biyu: in ya gaza sifiri, kamar −4 a lissafin lambu, ka samu mafi yawa. Na biyu, amsa ba ta fi alƙaluman da aka zuba mata inganci ba. Idan motocin albasa suka shigo daga Nijar farashi ya karye, sai mai albasa ya sake lissafi.

Lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi kan jadawalin lambobi da Larabci. Kafin ka haddace wata ƙa'ida, tambayi kanka abu biyu: me ke canzawa, kuma a kan me yake canzawa? Gwada lissafin lambun nan da waya mita 60, ka ga ko za ka samu mita 15 a 30.