Janaretan Da Muke Bari A Gida Idan Mun Tafi Fatauci

Tun lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya a 1998 da 2007, sa'an nan aka shiga wahalar nan ta dumso wadda ta yi tsanani a 2015, da yawa daga cikinmu a Yandi da Salaga da Bawku muka sayi janareta muka ajiye a gida. Dalili a fili yake: cinikin shanu ya koma kan waya, dillali a Kumasi ko Tulaku zai kira, kuɗi ma ta waya suke shigowa, ga kuma maganin dabbobi da ke son sanyin firiji. Amma kukan da muke yawan ji iri ɗaya ne. Mutum ya bar inji lafiya lau, ya yi mako huɗu ko biyar tsakanin Burkina da kudu, ya dawo ya ja igiya har kafaɗa ta yi ciwo, inji ya ce bai san zance ba.

To, abin da muka lura shi ne, janaretan bafatake zama ne ke kashe shi. Fetur idan ya kwana wata guda ko fiye a cikin kafireta, mai ƙarfin cikinsa yakan tashi ya bar wani danƙo kamar ƙaro, ya toshe 'yan ƙananan hudojin da mai ke bi. Shi ya sa za ka ga injin ya ƙi tashi, ko ya tashi sai da cok, da ka mayar da cok ɗin ya mutu. Maganinsa ba ya cin ko sidi ɗaya. Ranar da za ka yi tafiya, tada injin, rufe famfon mai, ka ƙyale shi ya yi ta gudu har ya mutu da kansa. Kafireta ta bushe ke nan. In kuwa akwai yaro mai hankali a gida, a sa shi ya riƙa tada shi duk mako biyu na kamar minti 15, da kwan fitila ɗaya a jone.

Man kwalba na bakin hanya, mun san wani lokaci dole ce ke sa mu saye, musamman wajen iyaka. Amma a tace shi da tsumma mai tsabta, a kuma ɗaga kwalbar a duba gindinta, domin ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa yake kwanciya.

Sai maganar baƙin mai, wadda a nan ne iyali suka fi yin ɓarna ba da saninsu ba. Ƙaramin nan irin Tiger 950 ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya masa. Mafi yawansu kashi ɗaya ne cikin 50, watau mililita 100 a lita 5 na fetur, amma a duba abin da aka rubuta a jikin tanki. In aka zuba masa fetur zalla, fistin zai ƙone ya kame. In mai ya yi yawa, sai hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Shawararmu, ka haɗa da hannunka a jarka guda kafin ka tafi, ka yi mata alama, ka ce daga nan kawai za a zuba. Babban injin kuwa, mai wurin baƙin mai nasa, ba a gauraya masa komai. Ana yi masa juye bayan awa 20 na farko yana sabo, daga nan kuma duk awa 50 zuwa 100. Da yawansu suna da na'urar da ke hana su tashi in mai ya yi ƙasa, ko in an ajiye su a karkace. Kafin a kira makanike, a zaro ma'aunin a gani.

Ƙurar hunturu ita ma ba ta raga masa. A ciro soson iska a wanke da sabulu, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a matse. Fulogi kuma a ajiye sabo guda ɗaya a gida, da sifanarsa.

Game da kaya, ƙaramin nan abin da yake ɗauka da gaske bai wuce wat 650 ba, ko da an rubuta 950 a jikinsa. Fitila, fanka, talabijin da cajin waya, shi ke nan. Dutsen guga shi kaɗai yana cin wat 1,000. Firiji kuma a lokacin tashi yana jan kamar ninki uku na abin da yake ci yana gudu, don haka mai ajiye allurar rigakafi ya nemi injin da ya kai wat 2,000, ya fara jona firijin kafin sauran kaya. A tada inji ba kaya a kansa, a kuma cire kaya kafin a kashe. Kashe shi da kaya yana iya sa wata rana ya tashi yana ruri amma ba wuta. In haka ta faru, a fara duba makunnin kariya da ke gabansa ko ya faɗi.

Akwai abu biyu da muke roƙon kowa ya gaya wa uwargida baki da baki kafin ya hau mota. Na farko, tsoron ɓarawo kada ya sa a shigar da inji ɗaki ko zaure ko bakin taga. A cikin hayaƙinsa akwai wata iska mai guba marar wari marar launi, tana kashe mutane suna barci, gida guda. A ajiye shi a fili, nesa da tagogi kamar mita 6, a ɗaure da sarƙa da kwaɗo, a yi masa 'yar rumfa saboda ruwan sama. Ba a kuma zuba masa mai yana gudu ko yana da zafi.

Na biyu, kada a soka wayarsa kai tsaye a soket ɗin bango. Wutar takan koma kan layi ta kama ma'aikacin NEDCo da ke gyara a kan fol, in kuma an dawo da wuta ba zato, injin ya ƙone. A sa mai gyaran wuta ya ɗaura makunnin sauya layi, a kuma nuna wa mutum biyu a gidan yadda ake juya shi.