Daga Gadarif zuwa Kasala: yadda iyali za su zaɓi masaukin da ba zai cinye kuɗin shaƙatawa ba

A Gadarif da ke gabashin Sudan, kuɗi na shiga hannun jama'a ne bayan kaka. Ana yankan riɗi a watannin Oktoba da Nuwamba, dawa ta biyo baya a Disamba, zafin rana kuma ya sassauta. A irin wannan lokaci, da kuma ranakun hutun Sallah, magidanta da dama ke tunanin fita da yara su ga wani gari, ciki har da Hausawan da kakanninsu suka yada zango a yankin a hanyarsu ta zuwa Makka.

Kafin yaƙi, mai hali kan nufi Khartum, mai nisan kusan kilomita 400, inda filin wasan iyali na Mogran yake da lilo da sauran kayan wasan yara a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Faɗan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya sauya wannan. Yanzu wanda ke son fita da iyali ya fi duban gabas, musamman Kasala. Sai dai a duk inda aka nufa, masauki ne ke cinye kaso mafi girma na kuɗin tafiya, kuma farashin ɗaki da ake faɗa wa mutum a waya ba shi ne ainihin abin da zai kashe ba.

Abin da ke kai mutane Kasala

Kasala na da nisan kilomita 200 da 'yan kai daga Gadarif, a kan titin kwalta da ya bi ta Shuwak da Khashm al-Girba. Wanda ya tashi da safe zai isa da rana. Garin na gindin duwatsun Taka, kuma ya daɗe da suna a Sudan a matsayin wurin da amare da angwaye ke zuwa hutun farkon aure.

Abin da ke jan yara da manya shi ne Totil, inda ake hawa matakala a jikin dutse, ana shan kofin jabana a rumfuna, ga kuma rijiyar da mutanen garin ke cewa duk wanda ya sha ruwanta sai ya sake dawowa. Kusa da nan akwai masallacin Khatmiyya da hubbaren Sayyid Hasan al-Mirghani. A gefen kogin Gash kuma akwai lambunan mangwaro, ayaba, gwaiba da lemo. Yawancin waɗannan wurare ba sa cin kuɗi mai yawa. Wurin kwana, abinci da zirga-zirga su ne ke ƙarar da guzuri.

Dalilin tsadar masauki

Yaƙin ya raba fiye da mutum miliyan 10 da muhallansu, kamar yadda alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna. Gadarif da Kasala da Port Sudan na cikin garuruwan da suka karɓi jama'a masu yawa: da farko daga Khartum, sannan daga Wad Madani a Disambar 2023, daga Sinja a tsakiyar 2024, da ƙauyukan gabashin Jazira a Oktoban shekarar. Gidajen haya suka yi ƙaranci, kuɗinsu ya tashi, darajar fam ɗin Sudan kuma ta faɗi warwas.

Bayan sojoji sun sake karɓe Wad Madani a Janairun 2025 da Khartum a Maris, wasu iyalai sun koma gida. Duk da haka farashi kan sauya daga wata zuwa wata. Saboda haka labarin wanda ya je bara ba zai yi wa mai tafiya bana amfani ba, sai an tambayi farashin makon da za a tafi.

Masaukai iri huɗu

Na farko shi ne lokanda, masaukin gargajiya mafi araha a Sudan. Ana biyan kuɗin gado ne, sau da yawa angarib na igiya a tsakar gida ko a ɗakin da ake kwana da baƙi, banɗaki kuma na kowa da kowa. Ya dace da direba ko ɗan kasuwa mai kwana ɗaya. Galibi maza ne ke sauka a ciki, don haka bai dace da mai mata da ƙananan yara ba. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Na biyu otel ne, wanda ake kira funduƙ. Akwai sirri, akwai mai gadi, wasu kuma na da janareta. Matsalarsa ga babban iyali ita ce ana biya ɗaki-ɗaki, kuma yawanci ba a yarda a ɗora tukunya ba.

Na uku shi ne gida mai kaya a ciki, wanda Sudanawa ke kira shagga mafrusha. Ana hayarsa na kwanaki ko na mako, da gadaje, kicin, tukunyar gas da banɗaki. Kuɗinsa na dare ɗaya kan fi na ɗakin otel guda, amma yana ɗaukar kowa.

Na huɗu sauka wurin dangi. Hausawan Gadarif da dama na da 'yan uwa a Kasala, kuma zumunci a ƙafa yake. Amma gidaje da yawa sun kwashe watanni, wasu shekaru, suna ɗauke da waɗanda yaƙi ya koro. Wanda zai sauka wurin ɗan uwa ya fara tambaya tukuna, ya faɗi adadin mutane da kwanakin da za a yi, ya kuma tafi da dawa, mai, sukari da gawayi. Wannan guzuri shi ma a sa shi cikin lissafi.

Lissafin da ke bayyana gaskiya

A ɗauki iyali mai mutum 8: miji da mata, kaka, da yara 5, za su yi kwana 4.

A otel za su buƙaci aƙalla ɗaki 3, wato kuɗin ɗaki sau 12. Idan ba girki, cin abinci sau 3 a rana na mutum 8 ya zama faranti 96 da za a saya a waje, ban da shayi da ruwan sha. Ko da an haɗu a kan tire ɗaya na ful da burodi kamar yadda aka saba, kuɗin yana taruwa.

A gida mai kaya, kuɗin haya sau 4 ne kawai. Ana iya tahowa da garin dawa, kuɓewa busasshiya, albasa da man riɗi daga Gadarif, inda ake noma su, a sayi nama da 'ya'yan itace a kasuwar Kasala. Sai a ware cin abinci a waje sau ɗaya a rana, a can gindin dutse, ya zama wani ɓangare na shaƙatawar.

Sai zirga-zirga. Raksha, wato keke mai ƙafa uku, tana ɗaukar manya 3. Mutum 8 na buƙatar raksha 3 zuwa, 3 dawowa. Fita ɗaya a rana na kwana 4 ya zama hawa 24. Idan ana komawa masauki cin abincin rana a sake fita da yamma, ya zama 48. Masaukin da ya yi araha don yana can bayan gari na iya mayar da ragin da aka samu zuwa aljihun masu raksha. Babban iyali ya fi samun sauƙi idan ya yi ciniki da mai ƙaramar bas irin amjad na yini guda.

Hanyar kwatantawa ita ce a haɗa haya, abinci, mota, ruwa da la'adar dillali, a raba da yawan mutane da yawan kwanaki. Adadin da ya fito shi za a gwada tsakanin masauki da masauki. Ga miji da mata da jariri, otel kan fi sauƙi. Daga mutum 5 zuwa sama, gida mai kicin ne ke yawan cin riba.

Kusa da dutse ko kusa da kasuwa?

Totil da Khatmiyya suna da 'yar tazara daga tsakiyar gari, haka ita ma tashar manyan motoci. Iyali kan je gindin dutse sau ɗaya ko biyu ne a duk tafiyar, galibi da la'asar idan rana ta yi sanyi. Amma burodi, kankara, kantin magani da asibiti abubuwa ne da ake iya buƙata kullum. Don haka masaukin da ake iya takawa da ƙafa daga gare shi zuwa kasuwa da layin motocin haya ya fi amfani ga mai yara, ko da ba a hango dutse ta taga.

Tambayoyi kafin a ba da kafin alƙalami

Ruwa. Mutanen Gadarif sun san wahalar ruwa ba sai an faɗa musu ba. A tambaya ko gidan na da tanki, da kuma wanda zai biya idan an sayo ruwa daga waje. A watan Agustan 2024 hukumomin lafiya suka ayyana ɓarkewar kwalara, kuma Kasala da Gadarif na cikin jihohin da ta fi shafa. Ruwan shan yara a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkakewa, banɗaki kuma a duba shi kafin a duba gado.

Wuta. Ɗaukewar lantarki ta zama ruwan dare. A tambaya ko akwai sola ko janareta, sa'o'i nawa ake kunnawa, da ko kuɗin mai na cikin haya. A lokacin sanyi fanka ta wadatar, babu dalilin biyan ƙarin kuɗin na'urar sanyaya ɗaki.

Sauro. Zazzaɓin cizon sauro da na Dengue sun sha addabar gabashin Sudan, musamman bayan damina. Gidan sauro ba ya da nauyi a jaka, kuma ya fi kuɗin asibiti araha.

Takardu. Masaukai kan nemi katin shaida, ma'aurata kuma a kan tambaye su takardar aure, wato gasima. Akwai shingayen bincike a kan hanya, don haka kowane babba ya riƙe takardarsa ta lambar ɗan ƙasa, yara kuma takardar haihuwa. Baƙon da ya zo daga Nijar, Najeriya ko Chadi na buƙatar fasfo da izinin zama masu inganci.

Tsaro. Jihohin gabas sun sha kafa dokar hana fita da dare tun bayan fara yaƙi, kuma a watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari filin jirgin saman Kasala da wurare a Port Sudan. A nemi labarin halin da ake ciki daga mazauna garin kwana ɗaya kafin tashi. A guji masaukin da ke maƙwabtaka da barikin soja, filin jirgi ko ma'ajiyar man fetur, komai arharsa.

Dillalai da biyan kuɗi

Yawancin gidajen haya ana samunsu ne ta hannun dillali, wanda ake kira samsar, ko ta tallace-tallacen Facebook da WhatsApp. Hoto ba ya nuna famfon da ba ya kawo ruwa. Gani ya kori ji: a tura ɗan uwa ko aboki ya leƙa gidan, ko a nemi a zagaya da mutum ta kiran bidiyo. A san tun farko nawa ce la'ada kuma wa zai biya ta.

Saboda ƙarancin tsabar kuɗi, ciniki da yawa ya koma manhajar Bankak ta Bankin Khartum, musamman bayan canjin takardun fam 500 da 1000 da aka fara a Disambar 2024. A tambayi mai gida ko farashin tura kuɗi da na tsaba ɗaya ne. Kada a tura kuɗin kwanaki duka kafin a ga makulli. Kuɗin dare ɗaya ya isa kafin alƙalami, a kuma ajiye shaidar turawar. Tun da intanet na iya yankewa, a riƙe 'yan kuɗi a hannu na mota da burodi.

Zaɓen lokaci

Ranakun Sallah ne masauki ya fi tsada, don kowa na nema lokaci guda. Wanda ya jinkirta zuwa mako guda bayan Sallah, ko ya zaɓi tsakiyar mako maimakon Alhamis da Juma'a, ya fi samun damar yin tayi. Mai kwana 5 ko mako guda ya nemi ragi, domin mai gida ya fi son baƙo ɗaya tabbatacce a kan ɗaki ya kwana babu kowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne yanayi ya fi daɗi. Daga Yuli zuwa Satumba kogin Gash kan cika da ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Eritiriya, wani lokaci ya yi ambaliya, don haka a kauce wa gidajen da ke kwari a bakinsa.

Masu tunanin wucewa Port Sudan su ga Bahar Maliya su sani cewa tafiyar ta yini ce, kuma haya ta yi tsada ƙwarai lokacin da ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka tare a can a 2023. Ga iyalin da kuɗinsu ƙididdigagge ne, kwana 3 a Kasala cikin natsuwa ya fi kwana 1 a bakin teku da bashi.

Wannan lissafi bai tsaya ga Sudan ba. Magidancin Maraɗi da zai kai yara gidan namun daji na Audu Bako a Kano, ko na Damagaram da zai kai su gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, tambayoyinsa iri ɗaya ne: mutum nawa, kwana nawa, za a iya girki, akwai ruwa, nawa ne kuɗin mota. Kuma a ware kuɗin komawa gida a aljihu daban tun kafin a bar ƙofar gida.