Dalilin da ya sa haruffa da hotuna ke maƙalewa a shafukan intanet a yankin Yauri

A ranar 26 ga Mayun 2021, jirgin ruwa ya kife kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu. A irin wannan rana, iyalai a Yauri da Shanga da ƙauyukan gaɓar tafkin Kainji kan dogara da wayar hannu wajen neman labarin 'yan'uwansu. Idan shafin labarai ya ƙi buɗewa, jita-jita ce ke cike gurbin.

Abubuwa biyu ne suka fi haddasa matsalar. Na farko shi ne fayil ɗin salon haruffa da shafi ke saukowa da shi. Manhajar Chrome takan ɓoye rubutu har daƙiƙa 3 tana jiran sa. Wasu fayilolin kuma ba su ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ, sai haruffan su fito a karkace ko a siffar ɗan akwati, alhali "ƙasa" dabam, "kasa" dabam.

Na biyu shi ne hotuna. Hoton da ya buɗe a kwamfutar maginin shafi yakan ɓace bayan an ɗora shafin, saboda adireshinsa ya sauya. Mai nauyi kuwa yakan cinye data inda sabis ke da rauni.

Maganin shi ne a zaɓi salo mai ɗauke da haruffan Hausa, irin su Noto Sans, a matse shi a tsarin WOFF2, a umarci shafi ya nuna rubutu nan take. Hotuna kuma a mayar da su WebP, tsarin da Google ya fitar a 2010. Kafin a saki shafi, a gwada shi da ƙaramar waya a bakin ruwa.